Paranal, Dutsen da Ake Auna Rawar Taurari

Daga Antofagasta zuwa dutsen Paranal wajen kilomita 130 ne, kuma da zarar ka bar unguwar masana'antu ta La Negra a bayanka, to ka yi sallama da duk wani abu mai rai. Ba bishiya, ba ciyawa, ko ƙuda ban gani ba. Jan ƙasa ce da duwatsu a warwatse iya ganinka. Ɗan ƙanwata ne ke jan motar. Karatun haƙar ma'adinai ya kai shi wannan gari na arewacin Chile, garin da tagulla ke riƙe da shi, ni kuma na je duba shi. Da ya ji ina yawan maganar duniyoyin da ake ganowa a gefen wasu taurari, sai ya shiga intanet ya yi mana rajistar ziyartar cibiyar kallon taurari da ke kan dutsen. Ranar Asabar ake buɗe wa baƙi, kyauta ne, amma in babu sunanka a takarda, a bakin ƙofa za ka tsaya.

Mun bar babban titin Panamerikana muka kama wanda ya nufi Taltal. Tun daga nesa muka hango su a kan tsauni, wasu gine-gine huɗu suna ƙyalli, sai su ɓuya a bayan tudu, sai su sake leƙowa. Kafin mu kai shingen masu gadi akwai allon da ke umartar direbobi su kashe manyan fitilu da dare, su tafi da ƙanana kawai. Ɗan ƙanwata ya yi dariya ya ce, "Kawu, nan fa haske shi ne ƙazanta." Daga baya na ga lallai haka tsarin wurin yake gaba ɗaya.

Hamadar Atacama ba ta rasa ruwa a banza ba. Ta yamma akwai igiyar ruwan sanyi ta Humboldt a tekun Fasifik, wadda ke danne danshi ƙasa-ƙasa, ya zama hazon da mutanen yankin ke kira kamancaka. Ta gabas kuma tsaunukan Andes sun tare duk hadarin da zai taso daga can. Paranal yana da tsayin mita 2,635, kilomita 12 kacal daga bakin teku, saboda haka yana saman hazon. In ka tsaya a kansa ka dubi yamma, farin gajimare za ka gani shimfiɗe a ƙarƙashinka. Ta gabas kuwa, muna iya ganin dutsen Llullaillaco mai mita 6,739 tarwai, alhali tsakaninmu da shi ya kai kilomita 190. Darare sama da 300 a shekara sama a wanke take. Farashin wannan kuwa jiki ke biya: leɓɓana sun tsattsage kafin la'asar, kuma 'yan matakalan da na hau sun sa ni haki. Duk ɗigon ruwan da ake sha a wurin tankoki ke kawo shi daga Antofagasta.

Hukumar ESO ce ke da wurin, ƙungiyar ƙasashen Turai 16 da aka kafa a 1962, mai hedikwata a Garching kusa da Munich a Jamus. Chile ta ba da ƙasa, masananta kuma suna samun kashi 10 cikin ɗari na lokacin kallo. An fasa kan dutsen da nakiya, aka rage masa wajen mita 28 don a samu fili. A kan filin nan aka dasa abin da ake kira VLT: manyan na'urorin hangen nesa huɗu, kowace da madubi mai faɗin mita 8.2, da ƙanana huɗu masu mita 1.8 waɗanda ake tura su a kan layin dogo daga wannan gurbi zuwa wancan. Manyan suna da sunaye daga harshen Mapuche, wata ƙabila ta 'yan asalin Chile, waɗanda aka zaɓo ta gasar rubutu tsakanin 'yan makarantar yankin: Antu rana, Kueyen wata, Melipal taurarin Gicciyen Kudu, Yepun kuma Zara. Antu ce ta fara buɗe ido a watan Mayun 1998, ta ƙarshe kuma a 2000.

Aka raba mana hular kwano. Mai yi mana jagora wata matashiya ce, tana bayani da Sifaniyanci da Ingilishi, inda ta yi sauri ɗan ƙanwata ya cike mini. Muna shiga ɗaya daga cikin gine-ginen sanyi ya doke mu. Ashe da rana ana sanyaya ɗakin daidai da yanayin da ake hasashen za a samu da daren, don kada a buɗe rufi iska mai ɗumi ta riƙa tashi a gaban madubi tana karkaɗa hoto. Ginin ya kai mita 28 a tsaye, kuma dukkansa juyawa yake tare da na'urar. Ita kanta na'urar ta haura tan 400, amma a kan siririn mai take shawagi, har aka ce mutum zai iya tura ta da hannu.

Madubin shi ya fi ɗaukar mini hankali. Daga inda muka tsaya gefensa muke gani, kuma abin mamaki bai kai tsawon tafin hannu da yatsu ba: kaurinsa santimita 17.5 ne kacal a faɗin sama da mita takwas, nauyinsa tan 23. A Jamus aka zuba shi, da wani nau'in gilashi da zafi ko sanyi ba sa sa shi miƙewa ko tsukewa, aka kai shi Faransa aka goge. Da gangan aka yi shi siriri. In aka bar shi kawai, nauyinsa zai lanƙwasa shi. Don haka aka ɗora shi a kan 'yan sanduna 150 da kwamfuta ke sarrafawa, suna ɗagawa suna saukewa cikin dare, suna mayar da shi siffarsa duk lokacin da na'urar ta karkata. Abin da ke ƙyallin kuma alminiyam ne da aka fesa, wanda duka-duka giram goma sha wani abu ne a kan faɗin nan gaba ɗaya. Ƙura kan dusashe shi, sai a ciro madubin kamar bayan shekara ɗaya da rabi, a sauko da shi a hankali a babbar mota, a wanke a sake fesawa. Duk wannan a ƙasar da girgizar ƙasa ba baƙuwa ba ce.

Na duba ko'ina ban ga inda ake kafa ido ba, sai na tambaya. "Malama, ta ina ake leƙawa?" Ta ce ai ba mai leƙawa. Da dare ba kowa a ɗakin, mutum ma zafin jikinsa damuwa ne. Masu aikin suna wani gini a gefen fili, gaban allunan kwamfuta. Yawancin masanan da suka nemi lokaci ko zuwa ba sa yi: suna rubuta buƙatarsu, kwamiti ya tace, in an dace ma'aikatan dutsen su yi kallon a daren da ya dace, a aika musu sakamako. Masu nema kuwa sun ninka lokacin da ake da shi.

A ɗakin sarrafawar ne muka shiga zancen da ya kawo ni. A 1995 Michel Mayor da Didier Queloz, 'yan Suwizalan, suka ba da sanarwar duniya ta farko da aka gano tana kewaya tauraro irin ranarmu, wato 51 Pegasi b. Da na'ura mai madubin mita 1.93 suka yi aikin, a kudancin Faransa, kuma ya jawo musu lambar Nobel a 2019. Yau jerin da NASA ke ajiyewa ya wuce 6,000. Mai karatu zai zaci manyan madubai irin na Paranal ne suka tara wannan adadi. A'a. Kaso mafi tsoka ya fito ne daga na'urorin da aka harba sama, musamman Kepler wadda ta yi aiki daga 2009 zuwa 2018, sai TESS da ta biyo ta, da kuma ƙananan na'urori a ƙasa. Dabararsu ita ce zura wa dubban taurari ido a lokaci guda, a jira wanda haskensa zai ɗan rage saboda wata duniya ta gifta ta gabansa. Duniya mai girman Mushtari, wato Jupiter, babbar cikin masu kewaya ranarmu, takan rage wa tauraro irin rana kashi ɗaya cikin ɗari. A nan Paranal ma akwai irinsu a gefen dutse: NGTS mai 'yan na'urori 12 na santimita 20, da SPECULOOS mai huɗu na mita ɗaya-ɗaya. Ko duniyoyi bakwai na TRAPPIST-1 da suka cika kafafen labarai a 2017, wata 'yar na'ura mai santimita 60 a La Silla, wani wurin kallon taurari na ESO a Chile, ita ce ta fara shinshino su.

Babban madubi tsada gare shi, kuma ɗan lungu kaɗan yake gani a sama, ba a ɓata darensa wajen lalube. Aikinsa yana farawa ne inda ƙanana suka gaji. Su su ce ga wani abu can, shi kuma ya auna nauyinsa, ya karanta iskarsa, in hali ya yi ya ɗauko hotonsa.

Awon nauyin shi ne ya fi shiga raina, kuma na'urar da ke yinsa ko ganinta ba mu yi ba. Sunanta ESPRESSO, tana wani ɗaki a ƙarƙashin filin da muke takawa, ta fara aiki sosai a 2018. Hasken tauraro yana faɗowa kan madubi, a bi da shi ta rami mai tsawon gomman mitoci har ya isa gare ta. Tana cikin tukunyar ƙarfe da aka zuƙe wa iska, tukunyar kuma cikin ɗaki, ɗakin cikin wani ɗaki, don kada zafinta ya motsa ko da kashi ɗaya cikin ɗari na digiri. Abin da take yi shi ne warware hasken zuwa launukan bakan gizo. A cikin launukan akwai dubban siraran layuka baƙaƙe, sawun sinadaran da ke jikin tauraron. To, duniya ba ta kewaya tauraronta haka kawai shi yana zaune daram. Yadda yake jan ta, ita ma tana ɗan jan sa, sai ya riƙa 'yar rawa, ya matso ya koma. In ya matso gare mu layukan su gusa wajen shuɗi, in ya ja baya su gusa wajen ja. Daga tsawon lokacin rawar ake sanin shekarar duniyar, daga ƙarfinta kuma a san mafi ƙarancin nauyinta.

Lambobin su ne abin ji. Duniyar da Mayor da Queloz suka gano tana kaɗa tauraronta da gudun sama da mita 50 a daƙiƙa. Mushtari yana kaɗa ranarmu da wajen mita 12 da rabi. Ita kuwa wannan ƙasa da muke kai, santimita 9 kawai take iya yi a daƙiƙa, tafiyar hawainiya. An ƙera ESPRESSO da burin kaiwa santimita 10. Wato ana so a kalli ƙwallon wuta mai faɗin sama da kilomita miliyan, daga nisan da haske kansa sai ya yi shekaru yana tafiya, a ce yanzu yana rarrafowa, yanzu kuma yana rarrafawa baya. Sannan dole a cire gudun da mu kanmu muke yi, don ƙasa tana zagaya rana da kusan kilomita 30 a daƙiƙa, dutsen kuma yana juyawa da ita. Ɗan ƙanwata, wanda aikinsu awon duwatsu ne da tan-tan, shiru ya yi, can ya ce, "Kawu, waɗannan mutanen ba su da lafiya." Yabo ne a bakinsa.

Maƙwabtanmu na kusa su suka fi cin moriyar wannan awo. Proxima Centauri shi ne tauraro mafi kusa da rana, tafiyar haske shekara 4.2. A watan Agustan 2016 ayarin Guillem Anglada-Escudé ya sanar da duniya a gefensa, Proxima b, mai kewayawa cikin kwana 11.2, mai nauyi kusa da na ƙasarmu. Na'urar HARPS ta La Silla ce ta yi ƙarfin aikin, ita ce yayar ESPRESSO. A 2020 ƙanwar ta tabbatar da shi, a 2022 kuma ta hango alamar wata ƙaramar, Proxima d, mai kamar rubu'in nauyin ƙasa, wadda rawar da take sawa ba ta wuce santimita 40 a daƙiƙa ba.

Labarin tauraron Barnard ya fi koyar da haƙuri. Yana nisan shekara shida na tafiyar haske. Tun a shekarun 1960 wani masanin taurari, Peter van de Kamp, ya yi imani ya ga manyan duniyoyi a gefensa, ya shafe shekaru yana kare maganarsa, daga baya aka gane gyare-gyaren da aka yi wa na'urarsa ne suka haifar da motsin. A 2018 aka sake sanar da wata, ita ma ba ta tsaya ba. Sai a Oktoban 2024, bayan shekara biyar ana bibiya da ESPRESSO, aka fito da Barnard b: ba ta kai rabin nauyin ƙasa ba, shekararta kwana uku da 'yan sa'o'i. A 2025 wata na'ura a Hawaii ta tabbatar da ita tare da 'yan uwanta uku. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, shi ya sa masanan wannan fanni ba sa gaggawar buga ganga.

Hoto kuma wani fama ne daban. A bangon ɗakin baƙi akwai wanda aka ɗauka a 2004 da na'urar NACO a kan Yepun, ƙarƙashin jagorancin Gaël Chauvin. Wani farin dunƙule ne mai shuɗi-shuɗi a tsakiya, da ɗan jan ɗigo a gefensa. Shi ke nan. Ɗigon nan shi ne 2M1207b, hoton farko da aka taɓa ɗauka na wata duniya a wajen gidanmu na rana da duniyoyinta, mai nauyin Mushtari kamar sau biyar. An samu sa'a ne don abin da take kewayawa tauraro ne da bai kai ya kama wuta sosai ba, haskensa bai rufe ta ba. Sai da aka ƙara shekara ana bin su aka tabbatar tare suke tafiya, ba wani tauraron nesa ne ya faɗo cikin hoton ba. Na daɗe tsaye a gabansa. A gefe kuma ga zane-zanen masu fasaha, da teku da duwatsu da rana biyu tana faɗuwa, irin waɗanda jaridu ke liƙa wa labari ba tare da sun ce zane ne ba. Ni dai ɗigon nan ya fi mini su duka, don shi ne aka gani.

Matsala biyu ce ke hana hoto. Ta farko iskar da ke kanmu: ita ke sa taurari ƙyaftawa, kuma ita ke dama hoto. Maganinta wani ƙaramin madubi ne mai lanƙwasuwa, wanda ke sauya siffa sama da sau dubu a daƙiƙa yana warware abin da iska ta murɗe. A kan Yepun akwai irinsa mai faɗin mita 1.1, kaurinsa milimita biyu, da 'yan matura 1,170 a bayansa. Inda babu tauraro mai haske da za a yi gwaji da shi, sai su ƙirƙiri nasu: tun 2016 Yepun na harba leza huɗu masu ruwan lemo, su daki sinadarin sodiyam da ke can sama wajen kilomita 90, ya yi ɗigon haske. Matsala ta biyu hasken tauraron kansa. Ƙasarmu ta fi rana dusashewa sau biliyan goma. Na'urar SPHERE da aka ɗora wa Melipal a 2014 tana da ɗan faifai da ke toshe tauraron, a ga abin da ke gefensa. Duk da haka waɗanda ake iya ɗauka manya ne, matasa masu sauran zafin haihuwa, kuma masu nisa da tauraronsu. Shi ya sa cikin dubban nan, waɗanda aka ga hotonsu 'yan gommai ne.

Amma 'yan gomman nan sun biya kuɗin sabulu. Anne-Marie Lagrange ta koma kan hotunan 2003 na tauraron Beta Pictoris, mai nisan shekara 63 na tafiyar haske, ta tsinci ɗigo a gefe guda. Da aka sake dubawa a 2009, ɗigon ya koma ɗaya gefen: an kama duniya tana cikin tafiyarta. A 2014 aka auna juyawarta, aka ga yininta da darenta duka sa'a takwas ne. A 2018 SPHERE ta ɗauko PDS 70b tana tsakiyar faifan ƙura da iskar gas da ke kewaye da wani jaririn tauraro, ta share wa kanta hanya a ciki, ana kan ƙera ta. A 2019 kuma aka haɗa hasken manyan madubai huɗun ta hanyoyin ƙarƙashin ƙasa, da na'urar GRAVITY, aka karanci iskar wata duniya mai suna HR 8799e.

Wanda ya fi kama bakin 'yan rangadin namu shi ne WASP-76b. 'Yan kyamarori ne suka gano ta, ESPRESSO ta yi mata tambayoyi a 2020. Tana zagaya tauraronta cikin ƙasa da kwana biyu, kuma fuska ɗaya take ba shi har abada. A gefen ranar zafi ya haura digiri 2,400, inda baƙin ƙarfe ke zama tururi. Lokacin da take giftawa ta gaban tauraron, haskensa yana ratsa gefunan iskarta, sai aka ga sawun ƙarfe a gefen maraice, aka rasa shi a gefen asuba. Fassarar da masanan suka yi ita ce iska na kwasar tururin zuwa gefen dare, ya huce, ya zubo. Daga nan kanun labarai suka ɗauka: duniyar da ake ruwan ƙarfe. Ba wanda ya ga ɗigo ɗaya na ruwan nan. Layi ne ya bayyana a nan ya ɓace a can, hankali ya cike sauran. Jagorarmu ta faɗi haka da bakinta ba tare da an tambaye ta ba, kuma ta ƙara daraja a idona.

Daga nan aka gangara da mu masaukin ma'aikata, wanda aka binne rabinsa a cikin tudu. Ka buɗe ƙofa danshi ya tarbe ka, ga lambu kore shar da wurin wanka a ƙarƙashin wata ƙubba. Ba don ƙawa aka yi ba, huhu da fatar mai kwana da kwanaki a wurin suna buƙatarsa. Da magariba ana ja wa ƙubbar labule kada haske ya tsere. Ba mu daɗe ba aka sallame mu, don ba a barin baƙi su kai dare.

Muka sauko muka sami wani wuri a gefen titi muka tsaya, muka jira duhu. Sanyi ya sauko da sauri. Da sama ta buɗe, ɗan ƙanwata ya nuna mini Gicciyen Kudu da taurari biyu masu haske da ke nuna shi, da wasu farare biyu kamar guntayen gajimare, waɗanda ashe tarin taurari ne na Magellan. Mafi haske cikin taurari biyun da ke nuna Gicciyen shi ne Alpha Centauri. Proxima yana ɗan gefensa kaɗan, amma ido ba ya ganinsa ko a wannan duhu, don ɗan ƙaramin jan tauraro ne. Wannan duhun ma ba tabbas gare shi ba. A farkon 2025 masana sun yi ta ƙorafi kan shirin kafa wata babbar masana'anta 'yan kilomitoci daga dutsen, saboda fitilu da ƙura da girgiza. Ga kuma taurarin ɗan'adam da ke ƙaruwa, mun ƙirga da yawa suna ratsawa kafin mu gaji.

A mota, da hita a kunne, ya jefo mini tambayar da ke cinsa. "To Kawu, in na'urar ta kusa kai santimita 10, me ya hana su nuna mana tagwayen ƙasarmu?" Na ce masa tauraron ne ba ya tsayawa a auna shi. Fuskarsa tafasa take, iskar gas na tasowa tana nutsewa, tabo na fitowa yana juyawa da shi, kuma wannan hayaniya kaɗai takan kai mita ɗaya ko fiye a daƙiƙa, ta binne santimita taran da ake nema. Sannan duniyar da shekararta ta kai tamu, sai an ga ta zagayo sau da yawa kafin a yarda, ga darare ana rabo. Shi ya sa aka fi samun nasara a kan jajayen ƙananan taurari, inda duniya ke kusa, rawar ta fi ƙarfi, shekarar kuma 'yan kwanaki ce. Su kuma irin waɗannan taurari suna da yawan aman wuta, wanda ka iya kwashe iskar duniyar da ke kusa da su. Saboda haka in ka ji an ce an gano duniya a yankin da ruwa zai iya zama, nisanta kawai aka faɗa maka. Ko tana da ruwan, ko tana da iska ma, wannan wata magana ce.

Amsar da ake jira tana kan wani dutse da muka hango tun da rana, Armazones, kamar kilomita 20 gabas da Paranal, mai tsayin sama da mita 3,000. An fasa kansa a 2014, yanzu wata ƙatuwar ƙubba ta tsaya a wurin. Nan ake gina ELT, mai madubin mita 39. Ba a iya zuba gilashi ɗaya mai wannan faɗi, don haka guntaye 798 ne masu kusurwa shida, kowane kamar mita 1.4, za a jera su su yi aiki tamkar ɗaya. Ana sa ran ta fara gani wajen 2030. Cikin abubuwan da aka sa mata a gaba har da Proxima b, wadda ba ta giftawa ta gaban tauraronta daga inda muke, saboda haka dabarar da aka yi wa WASP-76b ba ta ci a kanta. Sai an raba ɗan haskenta da na tauraron, a warware shi, a nemi sawun tururin ruwa ko iskar oksijin. Ɗan ƙanwata ya lissafa da yatsu ya ce lokacin ya gama karatu har ya fara aiki a mahaƙa, kuma in an fara karɓar baƙi a can, shi zai biya mini kuɗin jirgi. Na ce na riƙe shi da maganarsa. Ya tada mota, da ƙananan fitilu, har sai da muka yi nisa da dutsen.